Hurumin Ƙirƙira: Ina Gonar Mai Basira Ta Tsaya?

Gyaɗa da auduga ne suka jawo layin dogo daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya zo ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Harkar jirgin ta ja baya, amma gyaɗa ba ta bar ƙasar ba. Har gobe ana nomanta daga Ƙaura zuwa Zurmi da Shinkafi, kuma a bakin titi akwai maƙera da masu walda da ke harhaɗa injin ɓarar gyaɗa da na sussukar gero daga falankin ƙarfe da ragowar tsofaffin motoci.

A ƙaddara ɗaya daga cikinsu ya shekara biyu yana fama da matsala guda: injinsa na farfasa ƙwaya. Ya ɓata ƙarfe, ya ƙona kuɗin mai, har Allah ya buɗa masa. Ya liƙa yankan tsohuwar taya a jikin sandunan gangar da ke juyawa, ya kuma sa noti wanda ake ɗaurewa ko a sassauta don ratar da ke tsakanin ganga da rariya ta dace da girman gyaɗa. Ya kai guda biyu kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, aka yi wawarsu. Kafin wata kakar ta zagayo sai ga irinsa a rumfar yaron da ya koyi aiki a hannunsa. Shi dai yaron bel ɗin injin niƙa ya sa a gurbin taya, sandunansa kuma takwas ne, na maigidan shida.

"Maigida, ai ba irin naka ba ne. Duba da kyau, ko ƙyallen taya babu a jikinsa."

"Ɗan nan, tuwo ka sauya wa suna."

Gardamar ta fi ƙarfin rumfar walda. Me mutumin nan ya ƙirƙira? Wannan injin da ke tsaye a gabansa, mai sanduna shida da taya, ko dabarar murza gyaɗa da abu mai laushi? Idan injin ne kawai, yaron ya kuɓuta. Idan dabarar ce, ina ta tsaya, kuma wa ya ba ɗan Adam ikon kewaye dabara da shinge?

Akwai lauyoyin da amsa wannan tambaya ce abincinsu. A Najeriya, Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970 tana ba wanda ya zo da sabon abu mai amfani a masana'antu takardar da ke hana kowa ƙera shi ko sayar da shi sai da izninsa, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Takardar na da sassa biyu masu nauyi. Na farko bayani ne dalla-dalla na yadda abin yake da yadda ake yin sa. Na biyu shi ne da'awa, wato jimlolin da ke zayyana abin da mai ƙirƙira ke cewa nasa ne. Dokar ta ce faɗin kariya yana bin lafazin da'awa, bayani da zane kuwa fassara ta suke yi. Don haka gwanin lauya ba zai rubuta "sanduna shida masu taya" ba. Zai rubuta "sanduna masu lulluɓin abu mai laushi", ya lissafa a cikin bayani cewa ana iya yi da taya ko bel ko fata ko roba, sa'annan ya jero ƙananan da'awowi a ƙarƙashin uwar, kowace ta fi ta samanta ƙunci, don idan kotu ta rushe shingen waje, na ciki su tsaya. Burinsa kalmomi su kama surorin da ba a riga an ƙera ba.

Tun zamanin jirgin ƙasa mai cin kwal ake wannan shari'a. Wani injiniya a Baltimore ta Amurka, Ross Winans, ya ƙera taragon ɗaukar kwal mai siffar mazurari, zagayayye, wanda nauyin kaya ke rarrabuwa daidai a bangonsa, don haka ƙarfe kaɗan ke ɗaukar kaya mai yawa. Abokan hamayyarsa, su Denmead, suka ƙera nasu da kusurwa takwas, suka ce ai takardarsa zagayayye ta ambata. A farkon shekarun 1850 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce sauya siffa ba ya wanke wanda ya ɗauki ainihin dabarar. A Ingila ma an yi makamancin haka a kan lintar ƙarfe, irin wadda magina ke azawa a kan ƙofa. Takardar kamfanin Catnic ta ce ƙarfen bayan lintar a tsaye yake. Kamfanin Hill and Smith ya karkata nasa da digiri 6 zuwa 8, abin da bai rage ƙarfin ɗaukar nauyi da ya kai kashi 2 cikin 100 ba. A 1980 alƙali Diplock da abokan zamansa suka ce a karanta kalmar yadda magini zai fahimce ta a bakin aiki, kuma ga magini wannan linta a tsaye take.

Almajirin da ya zauna gaban malami a zauren Zurmi ko Badarawa ba zai ji wannan baƙon abu ba, don ya san babin hila. Ya ji labarin mutanen bakin teku a Suratul A'arafi waɗanda aka hana su kamun kifi ranar Asabar, masu tafsiri suka ce sai suka riƙa kafa tarko tun Juma'a su kwashe Lahadi. Ya ji hadisin da ke cikin Buhari da Muslim game da waɗanda aka haramta wa kitse, suka narkar da shi, suka sayar, suka ci kuɗin. Lafazin hani bai taɓu ba a wurare biyun, amma an zarge su, saboda abin da aka hana shi suka cimma ta bayan gida. Malikawa sun fi kowa tsanani a nan. Ƙa'idarsu ta toshe kafar ɓarna ita ta sa suka hana cinikin da aka shirya shi a sayar da haja bashi da tsada a sake sayenta hannu da araha, domin komai kyan sunan da aka ba shi, riba ce ke fitowa a ƙarshe. Ibnul Ƙayyim ya cika shafuka masu yawa na I'ilamul Muwaƙƙi'ina da yaƙi da irin waɗannan dabaru. A wannan ma'auni, yaron da ya auna injin maigidansa da ido, ya sauya taya da bel don kawai ya samu abin faɗa, hila ya yi, kuma lauyan da ya faɗaɗa kalmomi don toshe masa hanya bai zalunci kowa ba.

Da nan maganar ta tsaya, da an ce kowa ya faɗaɗa iya son ransa. Sai dai kalma ba ta da nauyin ɗauka. Wanda ya sha wuya ya gano abu ɗaya, alƙalami na iya ba shi dubu a layi guda.

Samuel Morse, mai wayar tangaraho, ya gwada. A da'awarsa ta takwas ya ce nasa ne duk wani amfani da ƙarfin lantarki don rubuta haruffa ko alamu daga nesa, ko ta wace hanya aka bi, ko da na'urar ba ta yi kama da tasa ba. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar masa da na'urarsa a 1854, ta soke wannan da'awa, tana mai cewa ya nemi mallakar hanyoyin da bai bayyana ba, bai ma gano ba. A 1895 aka maimaita darasin a kan ƙwan lantarki. Wasu masu ƙirƙira biyu, Sawyer da Man, sun gwada takarda da gawayin itace a matsayin zaren da ke haske a cikin ƙwai, amma suka rubuta da'awa a kan duk wani abu mai zare-zare da aka mayar gawayi. Shi kuwa abokin hamayyarsu Edison da ma'aikatansa sai da suka bincika tsirrai wajen 6,000 kafin su dace da wani nau'in gora na Japan. Kotu ta ƙi yarda mutum biyu da suka gwada abu biyu su tare hanyar wanda ya gwada dubbai.

A injin gyaɗa, irin wannan da'awa za ta zama "duk wata hanyar raba gyaɗa da ɓawonta". Da an amince da ita, sai tsohuwar da ke ɓara da hannu a tsakar gida a Shinkafi ta nemi lasisi.

To ina tsakiya? Fiƙihun ƙasar nan yana da ma'aunin da ya dace, ko da yake don gona aka yi shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da matacciyar ƙasa, wato dajin da ba na kowa ba. Muhtasar na Halilu, wanda malaman zaure ke karantarwa har yau, ya lissafa ayyukan da ke raya ƙasa: fito da ruwa, gini, dasa itatuwa, huɗa, sassabe, fasa duwatsu da daidaita wuri. Ya kuma ware waɗanda ba sa rayawa, cikinsu har da kewaye fili da shinge kawai, da kiwo a cikinsa. Mutum na iya zagaye daji da ƙaya tun daga gulbin Gagare har Bunsuru, bai zama nasa ba sai inda fartanyarsa ta shiga. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya karɓe daga Bilal ɗan Haris ɓangaren kwarin Aƙiƙ da ya kasa nomawa, duk da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ne ya yanka masa wurin. An kuma ruwaito ya ba mai kafa duwatsun iyaka wa'adin shekara 3, in bai raya ba ya tashi.

Amma littattafan ba su takura mai rayawa a kan tafin ƙafarsa ba. Sun ba shi hurumi, kalmar da Hausa ta ara ta riƙe. Rijiya na da kewayen da ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ya janye mata ruwa ko ya matse masu ɗiba ba. Itacen dabino na da filin da amfaninsa ke buƙata. Gari na da makiyaya da wurin itacen wuta. Ba wanda ya huɗe hurumi, duk da haka yana bin abin da aka raya, saboda in babu shi rayawar ta tashi a banza.

Surorin da lauya ke ƙoƙarin kamawa su ne hurumin ƙirƙira. Bel a gurbin taya, sanduna takwas a gurbin shida, kusurwa takwas a gurbin da'ira: duk rijiyoyi ne da aka haƙa a gindin rijiyar wani, ruwanta suke sha. Duk wanda ya san sana'ar, da ya karanta bayanin mai ƙirƙira zai gane su ba tare da sabon gumi ba. Amma wanda ya zo da injin da ke fasa ɓawo da iska ko da girgiza, ya shiga dajin da ba a taɓa sara ba, ko da buhun gyaɗar da ke fita iri ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne hurumi ba shi da awo ɗaya a wajen Malikawa. Ana duba cutarwa da al'ada, a tambayi masana wurin. Haka kotunan zamani ke komawa ga gwanin sana'a su ji abin da shi zai fahimta.

Wani lokaci iyakar na da wuyar gani. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suna karkata jirgin samansu ne ta hanyar murɗa fikafikai. Lauyansu, Toulmin, ya rubuta takardar da aka ba su a 1906 yadda za ta kama duk wani sauya kusurwar gefen fiffike na dama da na hagu don daidaita jirgi. Glenn Curtiss ya yi amfani da ƙananan faifai masu motsi, waɗanda su ne jiragen yau ke amfani da irinsu, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ba su Wright gaskiya a 1914. Ta fuskar aikin lauya, an yi gwaninta. Ta fuskar jama'a, shari'o'in sun dabaibaye masu ƙera jirage a Amurka har sai da gwamnati ta matsa musu a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka zuba takardunsu a tukunya ɗaya kowa ya ɗiba ya biya. Hurumi na gaskiya ma yakan toshe burtali, kuma a nan fiƙihu da doka duk sun ba hukuma damar buɗe hanya. Dokar 1970 ta yarda kotu ta ba wani lasisin dole idan mai takarda ya zauna a kanta bai yi aiki da ita ba, bayan shekara 4 da shigar da buƙata ko shekara 3 da samun takarda, duk wanda ya fi nisa. Wa'adin ya yi kusa da na Sayyidina Umar ƙwarai.

Akwai malaman da ke ganin tun farko bai kamata a yi wannan awo ba. Ilimi na Allah ne, in ji su, kuma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai ɓoye shi. Wanda ya sayi inji da kuɗinsa ya mallake shi, yana da ikon kwance shi ya ƙera irinsa. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan yana cikin masu wannan ra'ayi. Wasu sukan jingina da Ƙarafi, babban Bamalike na Masar, wanda a cikin Furuƙ ya sa ra'ayin mutum da ijtihadinsa cikin abubuwan da magada ba sa gada. Masu ɗaya ra'ayin, cikinsu har da ɗan Mufti Shafi, wato Taƙi Usmani, sun amsa da cewa al'adar mutane ta mayar da waɗannan haƙƙoƙi dukiya mai ƙima, Malikawa kuma dama suna ƙirga amfani a cikin dukiya. A zamanta na Kuwait a Disambar 1988, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, ba ya halatta a keta su.

Maganar ɓoye ilimi kuwa tana da ƙaiƙayin da ke komawa kan masheƙiya. A ƙasar Hausa hanyar da mai sana'a ya gada ta kare kansa ita ce asiri. Maƙeri da marini da majemi da wanzami kowa na da abin da ba ya nuna wa yaro sai ya daɗe, wani ma har ya mutu da shi a ciki. Takardar mallaka akasin haka take nema. Sharaɗinta shi ne a bayyana abin sarai yadda gwanin sana'a zai iya yin sa daga karatu kawai, a ajiye bayanin inda kowa zai duba, bayan shekara 20 kuma ya zama na kowa. Dokar ta kuma fitar da ƙa'idojin kimiyya da abubuwan da aka tarar a halitta daga abin da ake mallaka. Sanyin da ke samuwa idan ruwa ya bi iska ba na kowa ba ne, kowace randa a gindin bishiya ta san shi. Abin da Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin yake koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya ƙara shi ne tsari: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, har yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Ya ɗauki masu ginin tukwane aiki, ya raba dubbai a ƙauyuka, ya samu kyautar Rolex a 2000. Mai haƙƙi na iya yin sadaka da haƙƙinsa, kuma ladan sadakar ma yana nuna akwai abin da ya mallaka ya bayar.

A Najeriya nauyin wannan awo ya fi faɗawa kan zuciyar mai rubutu, saboda wani dalili na doka. Ofishin rajista da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Wanda ya kewaye rabin daji zai iya fita da hatimi a hannu, ya riƙa tsorata ƙananan maƙera da wasiƙar lauya, har sai an samu mai ƙarfin kai shi Babbar Kotun Tarayya. Ita kaɗai ke da hurumin wannan shari'a. Kotunan shari'ar Musulunci da Zamfara ta faɗaɗa aikinsu tun 2000 ba su da hannu a ciki. Rushe shingen ƙarya kuma aiki ne mai cin shekaru: takardar da ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka a 1994 a kan maganin fumfuna daga man dogon yaro, an soke ta a 2000 bayan an kawo shaidar cewa a Indiya an riga an san wannan amfani, ba a rufe ɗaukaka ƙara ba sai 2005. Ɗan rumfar walda a Zurmi ba shi da shekara goma da zai ba kotu.

Shi ya sa tambayoyin da lauya zai yi wa maigidan nan a Gusau, ko malamin sashen injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda idan shi aka fara kai wa zane, kusan su ne tambayoyin da alƙali zai yi wa mai da'awar fili. Me ka tarar a wurin kafin ka zo? Ganga da rariya sun riga shi, ba zai sa su a nasa ba. Me ka sara da hannunka? Lulluɓi mai laushi da notin rata. Da me da me ka gwada? Idan ya gwada bel da fata sun yi, a rubuta su. Idan katako ya gwada ya farfasa ƙwaya, ba a rubuta "kowane irin abu" ba, don wata rana wani zai gano itacen da ya dace, kamar yadda aka gano gorar Japan.

Akwai kuma tambayar da ta fi zafi, wadda dokar 1970 ta sa dole a yi: yaushe ka fara nuna shi? Abin da aka riga aka baje a bainar jama'a kafin shigar da buƙata ya daina zama sabo a idon doka, ko da mai shi ne ya baje shi. Injina biyun da aka kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ɗin nan, aka yi wawarsu, sun isa su sa takardar ta faɗi a gaban kotu. Abin da ya rage tsakanin maigida da yaronsa sai a kai shi zauren Sarkin Maƙera, inda za a fara da tambayar shekara nawa yaron ya ci tuwon gidan.